Ido a Bakin Tiyo: Gwanintar Masu Cire Tsiro Daga Hanji

Ciwon dajin babban hanji ba ya faɗo wa mutum dare ɗaya. Mafi yawansa yakan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji ta ciki, abin da bai taka kara ya karya ba. Ba ya ciwo, ba ya hana cin abinci, ba ya hana barci. Tsiron nan zai iya yin shekara 10 zuwa 15 yana zaune kafin ya rikiɗe ya zama daji. A 2020 an ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da wannan ciwo a duniya, sama da 900,000 kuma suka mutu, wato a dangin daji na huhu ne kaɗai ya fi shi kisa. Da yawa daga cikin waɗannan mamata sun yi shekaru suna yawo da abin da za a iya cirewa cikin 'yan mintuna ba tare da an tsaga ciki ba, da an sami wanda ya leƙa ya gan shi a kan kari.

Leƙen nan sana'a ce mai zaman kanta. Likitan da ya ƙware a kanta yakan zura wani tiyo baƙi mai kaurin yatsa, tsawonsa ya haura mita ɗaya da rabi, ta dubura, ya bi da shi har ƙarshen babban hanji. A bakin tiyon akwai fitila da kyamara, da wata 'yar kafa da ake turo kayan aiki ta cikinta. Sunan aikin kolonoskofi. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka na'ura ce ke yin komai, likita kallon talabijin kawai yake yi. Alhali kuwa na'ura ɗaya, majiyyaci ɗaya, wani likitan zai ga tsiron ya cire, wani ya wuce shi ya rubuta cewa hanji lafiya lau.

Sai an san abin da ake farauta kafin a gane darajar mafaraucin. Fatar da ta lulluɓe hanji ta ciki tana cikin sassan jiki da suka fi saurin sabuntawa. Cike take da miliyoyin ƙananan ramuka da ido ba ya gani. A gindin kowane rami ake haifar sababbin ƙwayoyin jiki, su yi ta hawowa sama, su yi aikinsu, su kaɗe su bi bayan gida, duk cikin kwana biyar ko ƙasa da haka. Inda ake rabuwar ƙwayoyi ba dare ba rana haka, dole wata rana a sami kuskure wajen kwafar saƙon gado. Akwai wata ƙwayar gado mai suna APC wadda aikinta ta tsayar da rabuwar idan ƙwayar jiki ta hawo sama. In ta lalace, ƙwayoyin da ya kamata su kaɗe sai su ƙi kaɗewa, su yi ta taruwa har wurin ya yi tudu. Wannan tudun shi ne tsiron da likitoci ke kira adinoma. Shekaru na tafiya, a cikin tudun sai wata ƙwayar ta ƙara yin wani kuskuren, a KRAS misali, umarnin girma ya maƙale ya ƙi sakewa, tsiron ya ƙara faɗi. Can gaba sai TP53 ta lalace, ita kuwa ita ce ke sa ƙwayar da ta gurɓace ta hallaka kanta. Daga nan an kusa shiga daji. Eric Fearon da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ne suka jera waɗannan matakai a 1990, kuma jerin ya zama abin koyarwa ga kowane ɗalibin likita, duk da cewa daga baya an gano akwai wasu hanyoyin.

Tun kafin masu binciken gado su iso, masu duba tsoka a madubin likita sun riga sun hango abin. A asibitin St Mark's da ke Landan, Basil Morson da abokan aikinsa Tetsuichiro Muto da Richard Bussey sun auna dubban tsiro, suka buga sakamako a 1975. Wanda bai kai santimita 1 ba, kusan 1 cikin 100 ne ke ɗauke da daji. Tsakanin santimita 1 da 2, kusan 10 cikin 100. Wanda ya haura santimita 2, kusan rabi. Asibitin Mayo a Amurka ya ƙara wani haske a 1987, da ya waiwayi mutum 226 da hoto ya nuna suna da tsiro mai santimita 1 ko fiye a zamanin da ba a iya cirewa ta tiyo, aka bar musu abinsu ana sa ido. Bayan shekara 5, kashi 2.5 cikin ɗari sun zama daji a daidai wurin. Bayan shekara 10, kashi 8. Bayan shekara 20, kashi 24. Wato yawancin tsiro har mai shi ya tsufa ya mutu ba za su zama komai ba. Matsalar ita ce ba wanda zai iya nuna ƙaramin tsiro ya rantse cewa wannan ba zai juya ba, don haka ka'idar ita ce duk adinomar da aka gani a cire ta.

To a ina ake cewa tsiro ya zama daji? Akwai iyaka, kuma siririya ce ƙwarai. Ƙarƙashin fatar ciki akwai wani ɗan zaren tsoka da kaurinsa bai kai na takarda ba. Ƙarƙashinsa kuma akwai wata shimfiɗa mai laushi, cike da jijiyoyin jini da magudanan ruwan jiki masu kaiwa ga kaluluwa. Sai tsoka mai kauri wadda ke tura abinci, sai fatar waje. Muddin ƙwayoyin da suka lalace suna saman zaren nan, komai muninsu a madubi, kusan ba su da hanyar da za su bi su yaɗu. Ranar da suka huda shi suka faɗa shimfiɗa mai laushi, ranar ce aka sami daji a matakin farko. Ko a nan ma ba a makara ba, domin cikin waɗanda aka kama ciwon bai fita daga bangon hanji ba, kusan 9 cikin 10 suna nan da ransu bayan shekara biyar. In ya kai hanta ko huhu, ba su kai 2 cikin 10 ba. Duk aikin mai leƙen hanji a kan wannan 'yar iyaka yake, a wurin da bangon gaba ɗaya a wasu sassan bai wuce milimita 2 ko 3 ba.

Kafin 1969, wanda hoto ya nuna yana da tsiro can cikin hanji zaɓi biyu gare shi: a bar shi a yi ta fargaba, ko a shiga da shi tiyata a buɗe ciki, a tsaga hanjin, a yanke tsiron, a ɗinke, ya yi kwanaki a gadon asibiti. Bututun ƙarfen da ake leƙe da shi a lokacin bai wuce santimita 25 ba. Tiyo mai lanƙwasa wanda ke ɗauko hoto ta zaren gilas ya samu tun 1957, lokacin da Basil Hirschowitz, ɗan asalin Afirka ta Kudu mai aiki a Jami'ar Michigan, ya fara gwada shi ta hanyar haɗiye shi da kansa. Amma wannan na tumbi ne. Babban hanji, da lanƙwashe-lanƙwashensa, ana ganin shiga cikinsa kasada ce.

Wanda ya karya wannan tsoro wani matashin likitan fiɗa ne ɗan Japan, Hiromi Shinya, haifaffen 1935 a yankin Fukuoka, wanda ya je Amurka a 1963 ya kama aiki a asibitin Beth Israel da ke Niyok. Shi da maigidansa William Wolff suka fara zura tiyo har ƙarshen hanji a 1969. Shinya bai tsaya ga kallo ba. Tare da wani injiniyan kamfanin Olympus mai suna Hiroshi Ichikawa, ya ƙera zargen waya da za a turo ta kafar tiyon, a rataya wa tsiro a wuya, a shaƙe, a saki wutar lantarki ta yanke ta kuma ƙone jijiyar jini a lokaci guda. A watan Satumba na wannan shekarar ya cire tsiro na farko ta wannan hanya. Manyan likitocin fiɗa da dama sun ga abin ganganci ne, suna cewa sai ya huda hanjin wani. Amsar da shi da Wolff suka bayar ita ce ɗaruruwan tsiron da suka cire suka lissafa a mujallun likitoci, ba tare da an rasa rai ba. Ya kuma koyar da cewa mutum ɗaya ne ya kamata ya riƙe tiyon da makunninsa, maimakon yadda ake yi a da, wani na juya kai wani na turawa. (A tsufansa Shinya ya rubuta littattafan abinci da suka yi kasuwa sosai, cike da da'awoyi kan madara da sinadaran narkar da abinci waɗanda bincike bai goyi bayansu ba. Hannunsa abin koyi ne, alƙalaminsa kuwa sai a yi hattara.)

Ga yadda aikin yake idan ka tsaya kusa. Majiyyaci ya kwana yana shan maganin wankin ciki, lita biyu zuwa huɗu, har abin da ke fita ya zama ruwa garai. Masu yin aikin sukan ce wannan daren ya fi aikin kansa wahala, kuma gaskiya ne in hanji bai wanku ba, gwani ma makaho ne. Sai ya kwanta ta gefen hagu ya naɗe gwiwoyi. Likita na tsaye a bayansa, idonsa na kan allo. Hannunsa na hagu na riƙe da kan na'urar, babban yatsa a kan wasu ƙafafu biyu masu juya bakin tiyon sama da ƙasa, hagu da dama, sauran yatsu a kan maɓallin hura iska, fesa ruwa da zuƙa. Hannun dama na riƙe da jikin tiyon kusa da dubura, yana turawa, yana ja, yana murzawa.

Babban hanji ya kai mita ɗaya da rabi, kuma ba a miƙe yake ba. Wani sashen a manne yake da bangon ciki, wani kuma sake yake yana lilo. Sashen da ya fi ba da wahala shi ne na ƙasan ciki ta hagu, mai lanƙwasa biyu. Ɗan koyo in ya iso nan sai ya yi ta turawa. Tiyo na shiga, santimita 50, 70, 90, amma hoton allo bai motsa ba, wani lokaci ma baya yake yi, domin tiyon ya naɗe a ciki yana miƙe hanjin yana jan jijiyoyinsa. Majiyyaci ya fara nishi. Gwani tun kafin nishin ya ji abin a hannunsa: murzawar da yake yi a waje ta daina isa ga baki ɗaya-da-ɗaya, tiyon ya yi nauyi. Sai ya daina turawa. Ya maƙale bakin a bayan wani ninki na hanji, ya murɗa tiyon ta dama, ya jawo shi baya a hankali. Abin mamaki, yana ja baya hoton na yin gaba. Duk wanda ya taɓa zura zariya a ƙubakar wando ya san dabarar: ba a kai zariya ƙarshe da turi, tattaro yadin ake yi a kan tsinken kaɗan-kaɗan. Haka gwani ke tattare hanji a jikin tiyo, shi ya sa yakan isa ƙarshen hanji mai mita ɗaya da rabi da santimita 70 ko 80 kacal na tiyo a ciki.

Sauran dabarun ƙanana ne amma su ne gishirin aikin. Ba ya cika hanji da iska, don iska na ƙara masa tsawo da kaifin kwana. In ya zo wata kusurwa yakan zuƙe iskar, hanjin da kansa ya taho ya hau kan tiyon. Wani lokaci ruwa yake zubawa a madadin iska, nauyin ruwan ya miƙar da lanƙwasar. In wuri ya ƙi, sai ka ji ya ce, “Sista, danna min nan ƙasan cibiya,” ko “Baba, a daure a juya rigingine,” kuma juyin nan kaɗai ya buɗe hanyar da ta toshe. Ba shi da taswira sai alamomin da ya haddace. In ramin ya koma mai kusurwa uku, ya san yana sashen da ya gitta ciki ta sama. In ya ga inuwa shuɗiya-shuɗiya ta bayan bango, hanta ce, ya kusa gangarawa dama. Ƙarshen tafiya sai ya ga bakin afendis da leɓen da ƙaramin hanji ke zubowa ta cikinsa. A nan zai ɗauki hoto a matsayin shaida, domin ana sa ran likita ya kai wannan wuri aƙalla sau 9 cikin 10.

Kaiwa ƙarshe ba ƙawa ba ce. Shugaban Amurka Ronald Reagan, duk da likitocin da ke kewaye da shi, an ga ƙananan tsiro a ƙasan hanjinsa a 1984 da farkon 1985, amma sai a watan Yulin 1985 aka duba hanjin gaba ɗaya. Can a ƙarshe ta dama aka tarar da babban tsiro wanda ya riga ya zama daji. Washegari aka yanke masa kusan santimita 60 na hanji a asibitin sojan ruwa na Bethesda. Ya rayu har 2004, kuma ba wannan ciwon ne ajalinsa ba.

Sai dai shiga ba ita ce aikin ba. A wajen fitowa ake dubawa, kuma a nan ne ake bambance gwani da mai sauri. Cikin hanji ninki-ninki ne, kyamara kuma gaba take kallo, tsiro kuwa na iya maƙalewa a bayan ninki inda fitila ba ta haskawa. Dole a riƙa ja kaɗan, a koma, a danne kowane ninki da bakin tiyo a leƙa bayansa, a wanke majina da kumfa, a zuƙe ruwan da ya kwanta don kar wani abu ya nutse a ciki, a jira hanji in ya murɗe ya saki. A binciken da aka yi na duba mutum sau biyu a jere rana ɗaya, an ga cewa kusan adinoma ɗaya cikin huɗu takan kuɓuce a dubawar farko. A wani nazari da aka buga a 2006, wasu likitoci 12 a garin Rockford na jihar Illinois sun yarda an riƙe musu agogo. Waɗanda ke ɗaukar minti 6 ko fiye wajen fitowa sun ninka masu gaggawa wajen gano tsiro. Sauri ya haifi nawa. Daga nan minti 6 ya zama mafi ƙarancin abin da ake yarda da shi, masu tsanani ma sukan ce 8 ko 9.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne ta yarda a auna ta da ma'aunin da ba ya jin kunyar kowa. Ana lissafa cikin kowane mutum 100 da likita ya duba, a jikin nawa ya gano adinoma. A 2014 aka buga nazarin aikin likitoci 136 na Kaiser Permanente a Kalifoniya, dubawa sama da 300,000. Na ƙasa yana ganowa a kashi 7 cikin ɗari, na sama a kashi 52. Jama'a iri ɗaya, kayan aiki iri ɗaya. Da aka bi majiyyatansu shekaru, sai aka ga duk ƙarin kashi 1 a ganowar likita na rage haɗarin kamuwar majiyyacinsa da daji da kashi 3. Ba kasafai ake samun sana'ar da za a iya nuna haƙurin mai yin ta a cikin adadin rayuka haka ƙarara ba. Ita kanta cirewar an tabbatar da amfaninta tun da farko: babban binciken tsiro na Amurka da Sidney Winawer ya jagoranta ya nuna a 1993 cewa cire adinoma na rage aukuwar daji da kashi 76 zuwa 90, a 2012 kuma bibiyar mutanen ta nuna mace-mace sun ragu da kashi 53.

Akwai kuma horon ido, kuma a nan Japanawa ne malamai. Turawa sun daɗe suna ɗauka cewa tsiro duk mai tudu ne, ko mai wuya da kai, ko mai zama daɓas. Shin-ei Kudo, yana aiki a asibitin Red Cross na Akita a arewacin Japan, ya yi ta nuna wasu a shafe da bango, wasu ma sun ɗan lotsa ciki, kuma masu lotsawar nan tun suna ƙanana suke huda iyaka. An daɗe ana cewa abin na Japan ne kawai. Sai da wani likitan Japan ya je Leeds a Ingila ya yi aiki da likitocin can, suka duba mutum 1,000, suka buga a 2000 cewa sama da kashi ɗaya cikin uku na adinomar da suka gano shafaffu ne. Suna nan tun da can, ba a iya ganinsu ba ne. Alamarsu ɗan ja-ja ne a bango, ko wurin da zanen jijiyoyin jini ya katse, ko ninkin da ya ɗan yi kauri fiye da 'yan'uwansa. Akwai ma wani iri da ya fi son ɓangaren dama, fari-fari, gefensa ba ya fita sosai, yakan lulluɓe kansa da majina rawaya. Mai gaggawa zai ɗauka datti ne ya wanke ya wuce. Gwani in ya ga majina ta nace wa wuri ɗaya, tsayawa yake yi. Wannan irin na bin tasa hanyar ta gado, ta wata ƙwaya mai suna BRAF, kuma yana cikin abin da ke haifar da dajin da kan ɓullo wa mutum bayan an duba an ce ba komai.

In ido ya yi zargi, sai a fesa shuɗin rini a wurin. Rinin nan daga sinadarin shuni ake sarrafa shi, dangin wanda marina ke aiki da shi a Ƙofar Mata. Ba ya kama tsoka, kwanciya yake yi a cikin ramuka da tsagogi, sai gefen tsiron ya fito raɗau. Da kyamara mai ƙara girma, likita na karanta bakin ramukan nan bisa tsarin da Kudo ya shimfiɗa. Zagayayyu ƙanana, lafiyayyar fata ce. Masu siffar tauraro, yawanci ba adinoma ba ce. Dogaye ko masu rassa, adinoma ce. In zanen ya hargitse, akwai zargin daji ya fara. In ya goge gaba ɗaya ba a ganin komai, ya nutsa can ƙasa. Sababbin na'urori kuma suna da maɓallin da ke mai da hasken shuɗi da kore don ƙananan jijiyoyin jini su fito. Cikin daƙiƙu kaɗan, tiyo a hannu, majiyyaci a kwance, dole likita ya yanke hukunci: wannan nawa ne, ko na likitan fiɗa ne?

In nasa ne, sai ya murza tiyon har tsiron ya dawo ƙasan allo, wajen ƙarfe biyar zuwa shida na fuskar agogo, domin ta nan zarge ke fitowa. Ƙarami wanda bai kai milimita 10 ba, akan yanke shi da zarge ba wuta, a haɗa da ɗan gefen lafiyayyar fata don kar a bar saura. Mai wuya kuwa sai a kama wuyan, a ɗaga shi daga bango, nas na shaƙe zargen sannu a hankali, likita na taka fedar wuta. In aka yi saurin shaƙewa jijiya ta yanke ba ta ƙone ba, jini ya ɓalle. In aka daɗe ana wuta, zafi ya ratsa bango, bayan kwana ɗaya ko biyu ya ɓule. Tsakanin biyun nan babu ma'auni sai sabo da fahimtar juna tsakanin likita da nas. Shafaffe mai faɗi shi ne babban gwaji. Ana soka allura a shimfiɗa mai laushi a ɗura ruwan gishiri mai ɗan shuɗi, tsiron ya taso ya rabu da tsoka mai kauri, a sami tazarar yanka. Allurar nan kuma tambaya ce ake yi wa tsiron. In gefe ya taso tsakiya ta ƙi tasowa, alama ce daji ya kama ƙasa, kamar yadda wasu likitocin Japan biyu, Uno da Munakata, suka bayyana a 1994. A nan gwani yakan mayar da zargensa. Ya yi wa wurin alama da baƙin tawada a bango don likitan fiɗa ya gane shi, ya fito. Sanin lokacin janye hannu yana cikin gwanintar, kuma ya fi wuyar koya ga mai ji da kansa. A Japan sun kai abin har ga feɗe tsiro mai faɗin tafin hannu da 'yar wuƙar lantarki mai tsawon milimita biyu, zare bayan zare, awa biyu ko uku, don a fitar da shi ɗungurungum ba a gutsuttsura ba.

Dalilin wannan wahala shi ne hukunci na ƙarshe na mai duba tsoka ne. Shi zai yanka abin da aka ciro siri-siri ya auna. In akwai daji a ciki amma bai nutsa fiye da milimita 1 a shimfiɗa mai laushi ba, bai shiga jijiya ko magudana ba, ƙwayoyinsa ba su yi mummunar lalacewa ba, gefen yankan kuma tsaf, to sau da yawa magana ta ƙare, mutum ya rabu da daji ba tare da an taɓa fatar cikinsa ba. In ɗaya daga cikin sharuɗɗan ya saɓa, sai a yanke sashen hanjin da kaluluwar da ke kewaye. Tsiron da aka gutsuttsura yakan hana a iya wannan awo, a kai mutum tiyatar da wataƙila ba ya bukata.

An daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne. Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya yi shekaru a Yuganda, ya lura da ƙarancinsa a can, a farkon shekarun 1970 ya danganta hakan da abinci mai dusa da ganye. Yana da gaskiya a wani ɓangare, amma abincin birane ya canza, ƙiba da zaman wuri ɗaya sun ƙaru, kuma likitocin Najeriya na ganin ciwon. Binciken da asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife ya yi tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Niyok ya nuna majiyyatanmu sun fi na Amurka ƙarancin shekaru, kuma yawanci sai ciwon ya yi nisa suke zuwa. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san ɗaya daga cikin dalilan: a wurinmu duk jinin da ya biyo bayan gida basir ne, sai a yi wata da watanni ana shan jiƙe-jiƙe. Sau da yawa basir ɗin ne kuwa. Amma basir da tsiro na iya zama a jikin mutum ɗaya, kuma ba a bambance jininsu da ido. Wanda ya ga jini, ko bayan gidansa ya canza ya ƙi komawa daidai, ko jininsa ke ƙarewa ba dalili, ko yake ramewa, ya cancanci a leƙa. Amurka ta sauko da shekarun fara dubawa daga 50 zuwa 45 a 2021, ko da mutum ba ya jin komai. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon ana fara masa tun yana 40, ko shekara goma kafin shekarun da ɗan'uwan ya kamu. A wasu gidajen ma abin gado ne: akwai masu fitar da ɗaruruwan tsiro tun suna samari, akwai kuma masu larurar Lynch, waɗanda tsironsu ke iya juyawa cikin shekara biyu ko uku maimakon goma.

Yanzu kwamfuta ta shigo ɗakin. Tun 2021 Amurka ta amince da na'urar da ke kallon allo tare da likita, tana zana ɗan akwati a duk inda ta yi zargin tsiro, kuma gwaje-gwaje sun nuna tana ƙara yawan abin da ake ganowa. Sai dai abin da aka nuna wa kyamara kaɗai take gani. Bayan ninkin da likita bai danne ba, ita ma ba ta san da shi ba. A 2025 wani nazari daga cibiyoyi huɗu a Polan ya duba ƙwararrun likitoci da suka yi 'yan watanni suna aiki da irin wannan na'ura. A ranakun da aka kashe ta suka koma dogaro da idonsu, ganowarsu ta sauko daga kashi 28 zuwa 22 cikin ɗari.